Nijar ta ɗaga Hausa, Najeriya ta koma Turanci, waya kuma tana amsa tambaya da Hausa: ina aka dosa?

Wata malamar firamare daga Rigasa a nan Kaduna ce ta aiko da tambayar. Ga ta a taƙaice: "Malam, kaina ya ɗaure. Mun ji Nijar ta mayar da Hausa harshen ƙasa ta ture Faransanci. Mu kuma nan an ce an soke koyarwa da harshen uwa, a koma Turanci tun daga rabin aji. Ga ƙanena yana nuna min manhajar waya mai amsa tambaya da Hausa, yana cewa nan gaba ba mai wahalar da kansa wajen koyon wani harshe. Wanne zan kama? Ni da nake tsaye gaban yara kullum, me zan yi?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Abubuwa ukun nan da kika jera a haɗe suke, ko da yake gidajen rediyo kan raba su, wannan a labaran duniya, wancan a filin ilimi, ɗayan a filin kimiyya da fasaha. A aikina na koyar da ilimin harshe da horar da malamai, ma'auni ɗaya nake amfani da shi idan aka ce wani harshe ya ci gaba: wane aiki ake yi da shi a rubuce? Akwai littafin lissafi da shi? Alƙali yana rubuta hukunci da shi? Bayanin da ke jikin kwalin magani da shi aka yi? Da wannan ma'aunin zan auna miki duka ukun.

Abin da kika ji game da Nijar gaskiya ne. A ƙarshen watan Maris na 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan sabon daftarin da ya maye gurbin kundin tsarin mulkin 2010, kuma a ciki aka rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki ne. Sauran harsunan gida, ciki har da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci da Larabci, aka kira su harsunan da ake magana da su a ƙasar. Ba Nijar ce ta fara ba. Mali ta sauke Faransanci zuwa harshen aiki a kundin da aka yi wa ƙuri'ar raba gardama a watan Yunin 2023, ta ba harsunanta goma sha uku matsayin harshen hukuma. Burkina Faso ta bi sahu a ƙarshen wannan shekarar.

Ba za a fahimci matakin ba sai an tuna abin da ya gabace shi, kuma mu nan Arewa mun ji shi a jikinmu. Bayan an kifar da shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka a Jibiya da Illela da Maigatari, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, har aka fara maganar tura soja. A watan Satumba Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Sojojin Faransa suka gama ficewa daga Nijar a watan Disamba, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024. A Janairun 2025 ficewar ƙasashen daga ECOWAS ta tabbata, a watan Maris kuma suka fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Wannan na ƙarshen yana da nauyi na musamman, domin a Yamai aka aza harsashin ƙungiyar ranar 20 ga Maris, 1970, kuma Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, na cikin waɗanda suka kafa ta. Har babban titin da ke ɗauke da sunan Charles de Gaulle a Yamai an sauya masa suna zuwa na Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Nijar. Maganar harshe tana cikin wannan jerin ne na raba gari da tsohuwar uwargijiya.

Na yi murna da labarin, ba zan ɓoye miki ba. Ƙasar da masu jin Faransanci a cikinta ba su wuce kimanin kashi 13 cikin 100 ba, ta shafe fiye da shekara sittin ana mulkinta da harshen da mafi yawan jama'a ba sa ji. Amma mu ɗauko ma'auninmu. Shi kansa daftarin da ya ɗaga Hausa da Faransanci aka rubuta shi. Takardar shaidar haihuwa, littafin kimiyya na sakandare, jarrabawar shiga jami'a, takardar kwangila, duk Faransanci ne ke ɗauke da su, kuma haka za a ci gaba har sai an horar da dubban malamai da ma'aikatan kotu an kuma buga littattafai. Nijar ta buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun 1973, an fara da Hausa a Damagaram, sakamakonsu kuma ya yi kyau, sai dai shekaru da dama aka bar su da sunan gwaji. Sannan dokar 2001 harsuna goma ta kira harsunan ƙasa. Yanzu da aka ware guda ɗaya, Bazabarme a Tilaberi ko Babarbare a Diffa yana da hurumin tambayar ina matsayin nasa. Ki riƙe wannan tambayar, za ta dawo mana a nan Kaduna.

Ba Sahel kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. Ruwanda ta bar Faransanci ta koma Ingilishi a makarantu a 2008, Gabon da Togo sun shiga ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a 2022, Tarayyar Afirka ta karɓi Suwahili a matsayin harshen aiki a shekarar, Amurka ma sai ranar 1 ga Maris, 2025 Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ayyana Ingilishi harshen hukuma. Duk inda kika ji gwamnati ta taɓa harshe, ki duba wa take son kusanta, wa kuma take son nisanta.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi shafar ki. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. A ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, majalisar zartarwa ta amince a tsawaita hakan zuwa shekara shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar a Abuja cewa an soke, Turanci ne harshen koyarwa tun daga rabin aji har jami'a. Hujjarsa ita ce faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ta fi yawa a yankunan da suka rungumi koyarwa da harshen uwa.

Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba, kuma ke ma za ki iya lissafa dalilin da kanki. Yaron da ya zauna WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya na firamare ne wajen 2013, shekara tara kafin a amince da manufar 2022. Yaran da manufar ta tarar a aji ɗaya ko firamare ba su gama ba. To ta yaya za a ɗora mata alhakin faɗuwar waɗanda ba ta taɓa su ba? In kuma tsohuwar manufar 1977 ake nufi, sai a nuna mana littattafan lissafi da kimiyya na Hausa da aka raba wa makarantun Igabi ko Giwa ko Soba, a nuna mana kwalejin ilimin da ta yaye malaman da aka koya wa yadda ake koyar da lissafi da Hausa. Yankunan da ake magana a kansu su ne kuma suka fi fama da cunkoson aji, da ƙarancin malamai, da talauci, da rufe makarantu saboda 'yan bindiga. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ke faruwa a aji kin fi ni saninsa, amma bari in faɗi wanda na gani a wata makarantar gwamnati a cikin garin nan, lokacin duba ɗalibai masu koyon aikin malanta. Aji uku, darasin sassan tsiro. Malama ta rubuta kalmomi biyar da Turanci a allo, ta karanta, yara suka maimaita da murya ɗaya har ana jiyo su daga bakin ƙofar makaranta. Sai ta juyo ta ce, "Kun gane ko?" Suka ce, "E, Malama." Na tsugunna wajen wata yarinya da ke zaune a ƙasa da littafinta a cinya, ta kwafe kalmomin tsaf, rubutunta ma mai kyau. Na nuna ta farko na ce me take nufi, ta yi shiru. Na fita na tsinko wani ɗan tsiro a gindin katanga na miƙa mata. Nan take ta nuna min saiwa da kara da ganye, ta ƙara da cewa idan saiwar ta ruɓe ganyen zai yi rawaya, haka ta gani a gonar babanta. Yarinyar ta san darasin fiye da abin da ke allo. Amma jarrabawar ƙarshen zango da Turanci za a yi mata, ta faɗi, a rubuta cewa ba ta da ƙoƙari. Ajin nan ba da Hausa ake koyarwa a cikinsa ba, ba kuma da Turanci ba. Haddar sauti ake yi, sai ɗan bayani da Hausa a tsakani, wanda babu shi a littafi, babu shi a jarrabawa.

An gwada ɗaya hanyar a ƙasar nan, kuma an rubuta sakamakon. Daga 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma ƙwararrun malamai suka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun ma fi su a yawancin darussa. Dalilin a fili yake. Karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Yaron da ya gane cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti, kuma sautin yana nufin abin da ya sani, zai ɗauki wannan basirar ya shiga kowane harshe da ita. Hausar boko kuma tana da sauƙi a wannan fanni, domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, saɓanin Turanci. A 'yan shekarun nan an sake ganin haka a Arewa: shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa da jagoran malami. Sai dai da kuɗin ƙasashen waje aka yi su. Na farkon hukumar agaji ta Amurka, USAID, ce ta ɗauki nauyinsa, ita kuwa gwamnatin Amurka ta rushe hukumar a 2025. Kin ga yadda shawarar da aka yanke a Washington take isowa har cikin ajin firamare.

Duk da haka akwai gaskiya a bakin masu goyon bayan ministan, kuma bai kamata mu masu kishin Hausa mu toshe kunne ba. Uwar da ke biyan kuɗin makarantar kuɗi don ɗanta ya iya Turanci ba wauta take yi ba. Ta san da Turanci ake JAMB, da shi ake ganawar neman aiki. Na biyu, matsalar malamai gaskiya ce: a 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta cece-kuce a kan yadda aka yi jarrabawar, ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, amma ba wanda ya ce babu matsala. Ni dai abin da na ɗauka daga wannan shi ne, malamin da Turancinsa bai nuna ba, tilasta masa koyar da komai da Turanci ƙara dagula lamarin ne.

Na uku ya fi nauyi. Kaduna ba Katsina ba ce. A Rigasa kusan duk yaranki da Hausa suka tashi. Amma ki shiga aji a Sabon Tasha ko Narayi ko Kakuri, za ki tarar da ɗan Bajju da ɗan Atyap da Bagwari da ɗan Adara da Bayarabe da Ibo a benci ɗaya. Harshen uwar wa za a ɗauka? Idan aka ce Hausa saboda ita ce harshen kasuwa, to mu sani cewa 'yan'uwanmu na Kudancin Kaduna da yawa suna kallon Hausa yadda mu muke kallon Turanci: harshe mai ƙarfi da ke cinye nasu. Akwai gidaje a Zangon Kataf da Kafanchan da Kwoi da kaka ke magana da harshen gida, jika yana amsawa da Hausa. Masu kishin harshen Tyap sun yi ƙoƙari har suka buɗe Wikipedia da harshensu a 2022. Duk wanda ke neman a ba Hausa haƙƙinta a aji, adalci ne ya nema wa Jju da Tyap da Hyam da Gbagyi irin wannan haƙƙin a inda suke da rinjaye. Wannan yana nufin manufa ɗaya ba za ta dace da dukkan ƙananan hukumomi 23 ba. Kamata ya yi a duba makaranta bayan makaranta, a ga wane harshe yara ke zuwa da shi. Aiki ne mai wahala da tsada, shi ya sa sokewa ta fi wa gwamnati sauƙi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne a jihar nan aka taɓa yin aikin da muke cewa ya gagara. A zauren Lugard Hall 'yan majalisar Jihar Arewa sun yi muhawara da Hausa da Turanci. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don daidaita rubutu da samar da kalmomin aikin hukuma. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta buga ƙananan littattafai kan noma da kiwon lafiya, aka yi Yaƙi da Jahilci ƙauye-ƙauye, Rediyon Kaduna ya fara watsa shiri a 1962. Kundin tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 55, ya ce majalisar tarayya za ta yi aiki da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Har yau ana jiran tanadin.

Sai maganar ƙanenki. Manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, ba jin harshe suke yi irin na mutum ba. Ana ɗura musu rubutu mai ɗimbin yawa, su yanyanka shi gutsi-gutsi, su koyi wane gutsure ne ya saba biyo bayan wane. Iya yawan rubutun da suka gani a wani harshe, da kuma kyawunsa, iya ƙwarewarsu a cikinsa. Kusan rabin shafukan intanet da Turanci suke. Hausa, duk da miliyoyin masu magana da ita daga Kano zuwa Kumasi zuwa Sudan, ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu ba. Mu mutanen magana ne. Saƙon murya muke turawa a WhatsApp, wa'azi da waƙa da fim duk a sauti suke. Ɗan abin da muke rubutawa kuma sau da yawa babu ƙugiya a haruffan ƙ da ɗ da ɓ, ana haɗe kalmomi ana raba su yadda aka ga dama, sai kalma guda ta zo wa na'ura da kamanni uku ko huɗu. Rubuce-rubucen ajami da ke ajiye a Arewa House da gidan adana kayan tarihi na ƙasa a nan Kaduna kuwa, yawancinsu na'ura ba ta ma san da su ba.

Daga ina to ta samo Hausar da take yi? Galibi daga labaran BBC da Muryar Amurka da DW da RFI da jaridu irin su Aminiya, sai fassarorin addini. Shi ya sa idan kika tambaye ta labarin zaɓe za ta zubo Hausa mai daɗi, amma ki ce ta bayyana wa ɗan aji biyar yadda jini ke zagaya jiki, sai ki ga jimloli masu ƙashin Turanci da kalmomin da babu Bahaushen da ya taɓa faɗarsu. Abin tsoron ma shi ne da ƙarfin gwiwa ɗaya take faɗar daidai da kuskure. Nan ma siyasa ta shigo: a Maris na 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, sashen Hausa da ke aiki tun 1979 ya yi tsit. Nijar ta rufe RFI a 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a ƙarshen 2024. Ko me mutum ke gani game da manufofin waɗannan gidajen, suna cikin wurare ƙalilan da ake biyan ƙwararru albashi don su rubuta Hausa mai tsabta kullum. Akwai kuma wata ɓarna da ke tafe a hankali: mutane na ɗaukar fassarar na'ura su liƙa a intanet ba tare da gyara ba, na'urar gaba ta zo ta koyi Hausa daga wannan gurɓataccen rubutun.

Ba ina cewa babu ci gaba ba. Google ta sa Hausa a manhajar fassararta tun 2013, ta ƙara Fulatanci da Barbarci da Tibi a 2024. Matasan Afirka sun kafa ƙungiyar Masakhane don gina wa harsunansu irin waɗannan kayan aiki, 'yan HausaNLP kuma, waɗanda da dama daga cikinsu malaman jami'o'in Arewa ne, sun tattara bayanai masu amfani. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar da aka horar da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin Najeriya. Ki lura, Malama: gwamnati ɗaya ce, a watan Satumba tana alfahari da koya wa na'ura Hausa, a watan Nuwamba ta ce kada a koya wa yaro lissafi da ita. Alhali yaron nan shi ne zai girma ya rubuta Hausar da na'urar ke buƙata. Sannan manyan manhajojin na kamfanonin Amurka da Sin ne, ƙasashen biyu kuma suna takara mai zafi a kansu: a 2022 Amurka ta fara taƙaita sayar wa Sin manyan na'urorin sarrafa bayanai, Sin kuma ta girgiza kasuwa da manhajarta DeepSeek a Janairun 2025. Babu ɗayansu da Hausa ke kan gaba a lissafinsa.

Inda wannan giɓi ya fi cutar da mu shi ne kimiyyar da ke shigowa gona da asibiti. A Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019, da masarar TELA a 2024, dukansu an sauya musu ƙwayoyin halitta. Muhawara ta kaure a kansu, kuma muhawara ce da ta cancanta, domin akwai tambayoyi na gaskiya game da wa ke mallakar iri da wa ke sa ido. Amma masana da Turanci suka yi tasu a Abuja, manomin Saminaka kuma abin da ya iso masa shi ne saƙon murya mai cewa irin yana hana haihuwa. Mun san inda irin wannan ya taɓa kai mu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano na kusan shekara guda saboda jita-jita, wadda ta samu gindin zama domin mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin. Abin da ya gyara lamarin shi ne sarakuna da malamai da masu unguwanni da suka zauna da jama'a suka yi bayani da harshen da ake ji, har aka kai ga ayyana kawar da cutar a Agustan 2020. Yanzu ga rigakafin zazzaɓin cizon sauro an fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, kuma tambayoyin iyaye ba su sauya ba. Ki tsaya a shagon maganin feshi a kasuwar Kawo ki saurara. Manomi zai juya kwalba a hannunsa, rubutu cike da bayanta, ya tambayi mai shago, "Gwangwani nawa a famfo?" A ce masa ɗaya, ya biya ya tafi. Kwanakin da ya kamata ya jira kafin ya tsinke tumatir bayan feshi suna nan a rubuce a jikin kwalbar, da Turanci.

To me za ki yi ranar Litinin? Ki bi manhajar karatun da hukumar ilimi ta ba ki, ki kuma koyar da Turanci da gaske, kullum, da baki kafin rubutu, domin yaranki suna buƙatarsa kuma haƙƙinsu ne. Amma kada ki ji kunyar yin bayani da Hausa, kuma ki yi shi da tsari. Ki fara da abin da yaro ya sani, ki sa ya faɗa da bakinsa da Hausa har ki tabbatar ya gane, sannan ki ba shi kalmar Turancin. Ki daina karɓar "E, Malama" a matsayin amsa. Ki kira yaro ɗaya ya maimaita miki darasin da kalmominsa. A aji ɗaya da biyu ki ware ko minti ashirin ne don haɗa baƙi da wasali da Hausa. Idan akwai yaron da ba Hausa ce harshen gidansu ba, ki tambaye shi yadda ake faɗar abin da nasu harshen, ki rubuta a allo kusa da na Hausa.

Manhajar ƙanenki kuma ki yi amfani da ita, amma ke ce mai hukunci. Ki sa ta tsara miki gajeren labari ko tambayoyin lissafi, ki karanta da ƙarfi, duk jimlar da kika ji ba haka ake faɗa a Rigasa ba ki gyara ta, kuma kada ki karɓi bayanin kimiyya ko na magani daga gare ta sai kin gwada da littafi. Bayanan darasin da kike yi da Hausa ki riƙa rubuta su da ƙugiyoyinsu, ku haɗa da na sauran malamai a zaurenku na WhatsApp. Zango uku kawai za ku tara abin da ya kai ƙaramin littafi.

Sannan ku kai maganar gaba ta hanyar ƙungiyarku. Ilimi na cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumin yin doka a kansu, firamare kuma a hannun jiha da ƙananan hukumomi take. Sashe na 97 na kundin tsarin mulki ya ba majalisar jiha damar aiki da harsunan jiharta. Legas ta yi dokar kare Yarabanci a 2018, majalisarta kuma tana zama da Yarabanci ranar Alhamis. Ku nemi ganin ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarku, ku roƙi abu biyu da za a iya sa wa a kasafin kuɗi: a sake buga littattafan koyon karatu na Hausa da aka riga aka rubuta a raba wa aji ɗaya zuwa uku, sannan a gwada yaran aji uku a makarantun da suka samu da waɗanda ba su samu ba, a Hausa da Turanci duka, a bayyana sakamakon kowa ya gani.